Malamin da Ya Auna wa Kyanwarsa Ruwa da Ludayi

Akwai wani dattijo a garin Tambuwal mai suna Malam Nu'umanu. Ya ba shekara saba'in baya, kuma fiye da rabinsu a kan buzu ya yi su, yana karantar da magidanta fiƙihu a zauren gidansa. Wanda rabon gado ya rikice masa, ko wanda ya yi rantsuwa ya rasa mafita, wurinsa yake zuwa. Ilimi kam Allah ya ba shi, wannan babu mai musu. Sai dai ya daɗe ana tambayarsa yana ba da amsa, har ya manta cewa shi ma bakinsa zai iya tambaya.

Matarsa Kaltume ta rasu shekara huɗu kafin wannan labari. Babban ɗansu yana aiki a Abuja, yakan bugo waya ranar Juma'a a gaisa a tsaitsaye. Autarsu Zulfa tana aure a Kebbe. Ɗaliban zaure kuwa, tsofaffin cikinsu yawanci sun riga mu gidan gaskiya, matasan sun koma sauraron karatu a waya. Zauren da a da takalma ke kaiwa har bakin hanya, yanzu in mutum uku suka zo an yi taro.

Ɗaki huɗu ne a gidan, uku a kulle. Abinci daga gidan maƙwabcinsa Bube ake aiko masa. Abu mai rai guda ɗaya ne ya rage yana kwana yana tashi tare da shi, wato kyanwa, ko mussa kamar yadda mutanen wajen ke faɗi.

Kaltume ce ta tsinto ta a gindin rumbu shekara goma sha shida da suka wuce, tana 'yar mitsitsiya. Baƙa ce wuluk, don haka aka sa mata suna Tawada. Da farko Malam bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya dai ƙyale ta ne don tun zuwanta ɓera ya daina cin gefen littattafansa. Amma bayan rasuwar Kaltume sai Tawada ta kwaso kanta ta dawo zaure, ta yi wurin kwana a gefen buzunsa. Tun yana korarta har ya fara ajiye mata kan kifi.

Sannu a hankali ta zama abokiyar hirarsa. In ya ci karo da mas'ala mai daɗi a littafi, ita yake karanta wa. In gwiwa ta dame shi, ita yake kai wa ƙara. Ita kaɗai ce ɗalibar da ba ta taɓa ce masa ba haka ba ne, shi ya sa jininsu ya haɗu.

Kafin mu je gaba, sai na gaya muku abin da ke tsakanin Malam da surukinsa Kamilu, mijin Zulfa. Kamilu ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Kebbe, mutum mai kunya da ƙarancin magana. Wata Babbar Sallah shekara shida baya, sun zo gaisuwa ana jibi layya. Kamilu ya duba ragon da Malam ya saya, ya buɗe bakinsa, ya ja fatar idonsa, sai ya ce a gaban mutane ragon nan ba shi da lafiya. Malam ya ji kamar an mare shi. Ya ce, "Ni za a koya wa sharuɗɗan layya cikin gidana?"

Daga ranar bai ƙara taka Kebbe ba. In an ambaci Kamilu sai ya ce, "Wa? Likitan jakai?" Kamilu bai fasa zuwa gaisuwa ba, zai durƙusa a bakin zaure, Malam ya amsa masa da ka yana kallon littafi.

To, a bazarar bana, lokacin da zafi ya kai ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, sai Malam ya lura Tawada ta canza. Kaskonta na ruwa da ke kwana biyu bai ƙare ba, yanzu kafin azahar ya bushe. In ya ajiye buta, ta tura kai tana lasar bakinta. In yana alwala, ta zo ta tsaya tana tarar abin da ke zuba daga gwiwar hannunsa. Ƙasar da take zuwa fitsari a bayan ɗaki kullum jiƙe take sharkaf.

Da farko ya ce zafi ne, kowa ma sha yake yi. Sai amai ya biyo baya. Wani farin kumfa da safe, wani lokaci abincin da ta ci gaba ɗaya. Gashinta da ke sheƙi ya dushe, ƙashin bayanta ya fito har ana iya ƙirgawa. Ran nan ta yi aman a kan buzunsa, ta koma gefe ta takure tana kallonsa. Bai yi faɗa ba. Ya wanke buzun da kansa ya shanya, amma tsoro ya shige shi, irin wanda bai ji ba tun jinyar Kaltume.

Ya zauna ya yi nazari kamar yadda ya saba yi wa mas'ala. Tana sha da yawa, tana amai. Ashe ke nan ruwan ne ke cika mata ciki yana dawowa. Ya kuma tuna lokacin ƙuruciyarsu, in yaro yana amai tsofaffi kan ɓoye moɗa, su ce a bar ciki ya huta. Haka aka yi masa, ga shi ya kai saba'in. Nan take ya yanke hukunci: ludayi ɗaya da safe, ludayi ɗaya da la'asar, har ciki ya kwanta.

Malam in ya sa abu a gaba ba ya yi masa rabi da rabi. Ya rufe randa da faranti, ya ɗora ɗan dutsen niƙan Kaltume a kai. Ya kafa ƙusa a bango ya rataye buta. Ya daina alwala a gida, sai a masallaci, don kada ta lashi ƙasa. Da ya gane tana tsallaka katanga ta sha a kwamin awakin Bube, sai ya sa ta a ɗakin littattafai ya ja ƙofa.

Rana ta farko ta yi kuka har muryarta ta dushe. In ya kawo ludayin, kafin ya gama durƙusawa ta shanye, ta bi bayan ludayin da lasa, ta ɗago tana kallonsa. Yakan shafa kanta ya ce, "Yi haƙuri, Tawada. Don ke nika yi."

Shi kansa abin ya hana shi sakat. Kunyar shan ruwa yake ji in tana jin motsin randa, sai ya ɗebo a hankali ya zagaya bayan gida ya sha a tsaye kamar marar gaskiya.

A rana ta uku amai ya ɗauke. Malam ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ga shi magani ya fara aiki. Bai tsaya ya lura ba cewa kan kifin jiya yana nan ƙudaje na bi, kuma cikin da babu komai ba shi da abin da zai mayar.

Da yammacin ranar Bube ya leƙo zaure. Tsoho ne sa'ar Malam, a cikin shanu ya tashi kafin ƙafa ta gaza ya dawo gari.

Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, kwana biyu ban ga mussarka wurin kwamin awakina ba. Lafiya dai?"

"Na tsare ta. Magani nika yi mata."

"Wane iri?"

"Ruwa na ka sa ta amai. Na rage mata, ludayi biyu a yini. Yau kwana ukku, ga shi amai ya tsaya."

Bube ya murza carbinsa. Can ya ce, "Malam, ni ba ni da karatu, ka sani. Amma ban taɓa ganin dabba ta sha ruwa don wasa ba. In tana sha haka, wani abu na ka cin ta ciki. Ga surukinka nan Kebbe, aikinai na. Buga mai waya mana."

Malam ya rufe littafin da ke gabansa. "Likitan jakai? Mussa tau shekara sha shidda muna tare. Shi za ya gaya mani halinta?"

"Ba halinta ba, cutarta." Bube ya ɗan sassauta murya. "Kai fa kak karanta muna labarin matar nan da tat tsare mussa ba ci ba sha. Nan cikin zauren ga."

Fuskar Malam ta canza. "Waccan mugunta tay yi. Ni jinya nika yi. Kada ka haɗa abin da ba ka sani ba, Bube."

Bube ya nemi sandarsa ya miƙe. "Allah shi ba ta lafiya," in ji shi, ya fita.

Washegari Zulfa ta bugo waya kamar yadda ta saba. Ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi zafi, sannan ta ce, "Baba, ina Tawadar Inna?"

"Tana nan. Ta ɗan yi amai, na yi mata magani."

"Ga Baban Ummu nan kusa, in ba shi ku yi magana?" Haka take kiran mijinta, da sunan 'yarsu ta fari.

"Ba shi mi? Na ce maki na yi magani." Ya kashe wayar. Ya daɗe riƙe da ita a hannu, don a ransa ya so a ce ta matsa masa. Amma shi ya koya wa 'ya'yansa cewa in ya faɗi magana ba a maimaita ta.

Rana ta huɗu da ta biyar Tawada ta daina kuka. Malam ya ce ta saba ke nan.

A rana ta shida aka yi rasuwa a unguwa, ya fita jana'iza da sassafe, cikin hanzari bai ja ƙofar ɗakin littattafai ta kama ba. Da hantsi ya dawo ya tarar da ƙofar a buɗe, ɗakin babu kowa. Ya kira sunanta, shiru. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba madafa.

A gindin randa ya same ta. Kun san yadda randar ƙasa ke tsattsafo da gumi, yashin da aka girka ta a kai ya riƙa danshi. Tawada ta jawo jikinta tun daga ɗaki, ga sawun jan cikinta nan a ƙasa, ta kwanta ta tura baki cikin yashin tana lasa. Harshenta duk yashi. Da ta ji tafiyarsa ta yi yunƙurin tashi ta gudu, saboda ta gane shan ruwa ya zama laifi a gidan. Ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarta, ta koma ta faɗi.

Wannan yunƙurin gudun shi ya karya Malam. Shekara goma sha shida ba ta taɓa gudunsa ba.

Ya ture dutsen niƙa, faranti ya faɗi yana ƙara. Ya cika kwano ya ajiye a gabanta. Ta sha, ta sha, ba a jima ba ta mayar da shi duka. Ya ɗauke ta, ya ji ba ta fi nauyin hularsa da rawani ba. Wani wari mai kama da na fitsari yana fitowa daga bakinta.

Ya tsaya a tsakar gida da ita a hannu. Ya duba ɗakuna ukun nan da ke kulle. Ya san in ta mutu, daga yau ko tari ya yi babu abin da zai ɗago kai ya dube shi. Ya laluba duk abin da ya karanta a rayuwarsa, bai samu layi ɗaya da zai gaya masa abin da zai yi da kyanwar da ke mutuwa a hannunsa ba.

Ya nemo wani kwalin taliya, ya huhhuda shi da wuƙa, ya shimfiɗa tsohon zanen Kaltume a ciki. Bai yi wa kowa sallama ba, ya kulle gida ya nufi tasha.

Motar Kebbe ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta san ana sauri ba. Malam ya zauna a tsakanin mai buhun albasa da wata mai goyo, kwali a cinya, yana tsoma yatsa a ledar ruwa yana shafa wa Tawada a baki. Wani fasinja ya leƙa ya yi dariya ya ce, "Baba, mussa za a kai asibiti?" A da da ya ji jawabin da zai hana shi barci. Ranar Malam ko kai bai ɗaga ba.

Bayan azahar ya yi sallama a ƙofar gidan da ya shekara shida bai shiga ba. Zulfa ta fito, ta gan shi da ƙura har gemu, ta dafe ƙirji.

"Baba, lafiya? Wa yar rasu?"

"Ba kowa. Ina maigidanki?"

"Shina kara, wurin shanu."

"Kira mani shi." Ya ajiye kwalin a gabansa. "Ki ce ina roƙo nai shi zo."

Ba a yi rabin awa ba sai ga ƙarar babur. Kamilu ya cire takalma tun daga nesa, ya durƙusa zai fara doguwar gaisuwa. Malam ya tura masa kwalin ya ce, "Bar gaisuwa, duba mani ita."

Kamilu ya wanke hannu ya fito da Tawada ya kwantar a tabarma. Ya kama fatar wuyanta ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya buɗe bakinta ya ga dasashi ya bushe, ga gyambo a gefen harshe. Ya shafa maƙogwaronta, ya lallatsa cikinta a hankali. Yana yi yana tambaya, kansa a sunkuye.

"Malam, tun yaushe tac canza?"

"Ya kai wata biyu tana yawan sha. Amai kwana ashirin."

"Fitsari fa?"

"Da yawa. Awa ruwa, ba launi."

"Tana cin abinci awa mai yunwa, ko ta rage?"

"Ta rage."

"Ba a sa maganin ɓera cikin gida ba?"

"Wa ka sa maganin ɓera ga ta?"

Haka babban malami ya zauna yana amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana tsoron ya ba da amsar da ba daidai ba. Kamilu ya matsa mararta ya samu ɗigon fitsari, ya tsoma wani siririn tsinken gwaji ya duba launinsa.

Sannan ya ce, "Malam, tsohuwar mussa in ta haɗa yawan sha da amai, akwai abubuwan da mukan fara zato. Akwai ciwon suga, don su ma suna yi, amma ban ga suga ga fitsarinta ba. Akwai wani ƙululu ga maƙogwaro, irin wanda ka kumbura ga mutane shi zama maƙoƙo. In ya yi yawan aiki, mussa kan yi ta ci tana ramewa. Ita ba ta ci, kuma ban ji kumburi ba. Wani lokaci mahaifa ta ka ruɓewa, ko hanta, ko guba. Amma ni abin da hannuna yaj ji, ƙodarta ta ƙanƙance ta yi tauri. Tabbaci sai an gwada jini Sakkwato, ita ko ba ta iya tafiyar."

"Ƙoda," in ji Malam. "To mi yah haɗa ƙoda da ƙishirwa?"

"Ƙoda ita ka tace dattin jini, ta riƙe ma jiki ruwa. In ta tsufa sai ta koma awa tulun da yat tsage, abin da anka zuba zurarewa shika yi. Shi ya sa take ta sha, tana cike gurbi na. Dattin da bai fita ba shi ka tada mata zuciya ta yi amai. Shan ruwan ba shi na cutar ba, Malam, shi ka riƙe da ranta." Ya sake ɗaga fatar wuyan ya duba. "Abin da ban gane ba, bushewar ga ta yi yawa. Tana samun ruwa yadda take so?"

Malam zai iya cewa i, babu wanda ya gani sai Bube, Bube kuma yana Tambuwal. Ya dubi Tawada, ya ga har yanzu da sauran yashi a gefen bakinta.

"Ni nih hana ta," ya ce. "Ludayi biyu a yini. Yau kwana shidda. Na rufe ta ɗaki don kada ta sha wani wuri. Na zaci ruwan na ka sa ta amai."

Zulfa ta sa gefen mayafi ta rufe baki, ta juya baya. Kamilu bai ɗago ba. Wanda aka shekara shida ana kira likitan jakai ya samu rana, amma abin da ya ce kawai shi ne, "To. Mutane da yawa na yin haka, har ga yara. Bari mu yi abin da za mu iya."

Ya rataye ledar ƙarin ruwa a reshen darbejiya, ya soka allura a ƙarƙashin fatar bayanta, ruwan ya riƙa shiga yana taruwa. Ya yi mata wata allurar ta tsayar da amai. Ya ce a riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan amma kada a yanke, da romon kaza marar gishiri in ta karɓa.

Zulfa ta gyara wa mahaifinta ɗaki, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a rumfa kusa da kwalin. Nan ya tare. Da cokalin shayi yake ɗiga mata ruwa, in ta kau da kai ya jira, ya sake miƙawa. Sallah kaɗai ke tashinsa.

A rana ta biyu Tawada ta ɗaga kai, ta lashi romo sau uku. Malam ya yi murna har ya kira Zulfa ta zo ta gani. Da Kamilu ya dawo aiki ya durƙusa yana sake mata ruwan leda, Malam ya daɗe yana kallon hannayen surukin nasa, sannan ya ce, "Ragon nan na layya. Da anka feɗe shi, hantar duk ƙuraje ta. Ni nis sa anka binne ta ba wanda yag gani."

Kamilu ya ƙara sunkuyar da kai. "Ya wuce, Malam. Ni ma ban kyauta ba da nif faɗi cikin mutane."

"Kai gaskiya kaf faɗi," in ji Malam.

Rana ta uku ta ƙi romon. Fitsarin da a da ba ya tsayawa ya ɗauke ɗif. Kamilu ya latsa mararta, Malam ya karanta amsar a fuskarsa.

Rana ta huɗu da hantsi, Malam yana zaune ya ɗora ta a cinya, ya tara ruwa a tafin hannunsa ya kai bakinta. Ta zaro harshe ta taɓa sau ɗaya. Ta ja wani dogon numfashi, ta miƙe ƙafafu, shi ke nan. Ya daɗe a zaune da ruwan a tafinsa har ya tsiyaye ta tsakanin yatsu.

Kamilu ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a bayan gida. Malam ya naɗe ta a zanen Kaltume ya sa ta da hannunsa. Da aka gama mayar da ƙasa, ya tsaya dafe da bango ya ce, "Kamilu, zan tambaye ka, kada ka ji kunyata. Da na kawo ta tun ranar da taf fara amai, da tana nan?"

Kamilu ya dubi Zulfa. Ta girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa da ido.

"Ni nit tambaye ka, ba ita ba," in ji Malam.

"Rai na Allah na, Malam. Ƙodar ba ta warkewa, ko Sakkwato anka kai ta." Ya ɗan tsaya. "Amma na ga irinta sun yi wata shidda, wasu shekara, in ana ba su ruwa ana kula da abincinsu. Kwana shiddan nan su sunka ƙarasa ta."

Malam ya gyaɗa kai. Hawaye suka bi gemunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba. "Na gode da ba ka yi mani ƙarya ba," ya ce.

Zulfa ta yi ta roƙonsa ya zauna ko da mako guda ne. Ya ce littattafai na can ba mai tsaro. Kamilu ya kai shi tasha a babur, kuma a gaban mutane Malam ya riƙe hannunsa ya sa masa albarka.

Da zai shiga mota direba ya ga kwalin a hannunsa, ya ce, "Baba, kawo kayanka a sa baya."

"Ba komi ciki."

"To yar da shi mana, wuri ya yi kaɗan."

Malam ya shiga ya zauna, ya ɗora kwalin a cinya, ya riƙe shi da hannu biyu. Haka ya riƙe shi har Tambuwal.

Darasi: Ƙauna kaɗai ba ta isa jinya ba. Malam Nu'umanu bai ƙi kyanwarsa ba, sonta ne ya sa ya hana ta ruwa, girman kai kuma ya hana shi buga waya guda ɗaya da za ta gyara kuskuren. Komai zurfin iliminka, a fanninka yake, kuma wanda ka raina yana iya zama shi Allah ya ba sanin abin da kake buƙata. In tsohuwar kyanwarka ta fara yawan shan ruwa, yawan fitsari, amai ko rama, kada ka rage mata ruwa, ka kai ta wurin ma'aikacin lafiyar dabbobi da wuri. Haka in yaro ne yake amai, ba a ɓoye masa ruwa, asibiti ake nufa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman masu dabba a gida da masu tsofaffin da ke zaune su kaɗai. In kuma naka tsohon ya ce maka ya yi magani, daure ka sake tambayarsa wane iri.